Tafiyar Minti Saba'in

Da safe aka buɗe firiji aka tarar allurar Inna ba ta nan. Kafin nas ɗin da aka kira ta ajiye jakarta, rabin mutanen layin sun cika gidan, kowa da ɓarawonsa a baki. Haka layin nan yake. In gobara ta tashi ba ka samun mai guga, amma masu bayani sai ka ture su kafin ka wuce.

Allurar ba ta wasa ba ce. Wani ciwo ne ke cin idon Inna. Ya riga ya cinye na hagu, na dama ma ya fara yi mata hazo, likita kuwa ya ce in ba a fara allurar cikin makon nan ba, to a fara koya mata lalube. Ba a samunta a garin sai a babban birni, kuma ba ta jure zafi. Shi ya sa 'yar Inna da ke aure a can, wadda jego ya hana ta zuwa, ta saya ta haɗa da kula da ƙanƙara, ta yanki tikitin jirgi, ta damƙa duka a hannun yayanta da kowa ke kira Kyaftin.

Kyaftin ko keke bai iya tuƙawa da kyau ba. Bakinsa ne ya samo masa sunan. Yana yawan zuwa birni harkokin da ba wanda ya san kansu, in ya dawo kuma sai ya zauna a ƙofar gida ya ɗauki mutane ya kai su sama ya sauke su, su kuwa baki buɗe. Ba wanda ya taɓa hawa jirgi a gidan sai ita 'yar birnin, saboda haka duk abin da ya faɗa ya zauna.

Babban Yaya, mai sayar da siminti da rodi, shi ne mai gidan, kuma tuni ya yanke hukunci. Matar Auta ce. Tun da mijinta, ƙaramin ɗan Inna, ya rasu, ita ke jinyar tsohuwar, ita ke riƙe da makullin kicin, ga shi kuma wanta yana da shagon magani. Me ya rage? Kunyar ganin motar 'yan sanda a ƙofar gidansa ce kawai ta sa ya fara aika wa Mai-Sawu.

Mai-Sawu ya yi shekaru yana zagaya shingen filin jirgin garin, yana bin sawun masu yanka waya da awakin da ke shiga titin jirgi. Da ya bar aiki sai ya koma bin sawun ɓarayin unguwa. Dogo ne, mai tsamin baki, ba ya gaida mutum sai ya fara kallon ƙafarsa, kuma yawanci abin da ya gani ba ya burge shi.

Ya tsaya a tsakar gidan ya dubi ƙasa, ya dubi taron.

"Waye bai taka nan ba tukuna?" ya ce. "Ya zo ya taka, kada a bar shi a baya."

Wasu suka yi dariya, don ba su gane da su yake ba.

*

An yanke ragar tagar kicin ta waje, an bar ta tana lilo yadda ko makaho zai gani. Mai-Sawu ya tsuguna a gindin tagar, ya tashi yana tsaki. Tagar nan ko kyanwa mai ƙiba ba za ta shige ta ba, ƙurar da ke kan dakalinta kuma ba a taɓa ta ba. Wanda ya yi aikin ya ɗauka kowa irinsa ne.

Bayan kicin akwai ɗan lungu da ke kaiwa ga tankin ruwa, inda Babban Yaya ya jibge ragowar yashin gini. Tankin yana yoyo, lungun kullum a jiƙe yake, shi ya sa masu bayanin ba su shiga ba, suna tsoron ɓata takalmansu. A nan sawun ya tsira. Ya fito daga ƙofar kicin, ya je tulin yashi, ya dawo ta gindin taga, ya koma ƙofar kicin. Takalmin namiji ne sau-ciki, zanen ƙasansa ya fito tsaf, alamar sabo ne. Amma bayan kowane taku akwai ɗan jan ƙasa, irin na mai sanye da silifa. An take bayan takalmin ke nan, dunduniya a waje.

Ya tura hannu cikin yashin har gwiwar hannu, ya zaro abin da ya zaro, ya cusa a aljihun rigarsa. Bai gaya wa kowa ba.

"Taken takalmi?" in ji Babban Yaya da aka ambata masa sawun. "To ai mai gadi ne. Tun da na ɗauke shi ban taɓa ganin dunduniyarsa cikin takalmi ba. Wato su biyu ne, da ita."

Nan take layin ya koma kan mai gadi. Wata maƙwabciya ta tuna ta taɓa ganinsa yana kallon firiji. Aka jawo shi yana rantse-rantse. Mai-Sawu ya ce ya ɗaga ƙafa. Takalmin ya kai shekarun da ya kamata a yi masa ritaya, ƙasansa sumul, babban yatsa yana leƙowa.

"Wannan ko a siminti ɗanye ba zai bar zane ba," in ji Mai-Sawu. "Koma bakin ƙofarka ka ci gaba da barcinka."

Mai gadi ya tafi yana godiya, zagin ma daɗi ya yi masa.

*

Matar Auta tana ɗakin Inna, tana ba ta shayi da cokali, idanunta sun yi ja. Ba ta yi kukan neman tausayi ba, Mai-Sawu kuwa ya lura da haka, don kukan neman tausayi na cikin abubuwan da ya tsana.

"Makullin kicin fa?"

"Yana jikin ƙusa a bayan ƙofar falo, Baba. Kowa ya san wurin. Sunan riƙewa kawai nake da shi."

"Ke kika sa allurar a firiji?"

"A'a. Na karɓi kular zan buɗe, Yaya Kyaftin ya ce in bari, ba aikin wanda bai sani ba ne. Shi ya sa da kansa. Ni wanke kular aka ba ni."

"Me kika tarar a ciki?"

Ta ajiye cokalin. "Ruwa. Ledojin ƙanƙarar duk sun narke, har sun yi ɗumi."

"Kin faɗa wa wani?"

"Wa zan faɗa wa? Na ce ko haka jirgi yake yi wa ƙanƙara. Ni ban taɓa shiga ba."

Inna ta juyo da fuskarta wajen muryarsa, idon daman yana ƙyafƙyaf. "Malam, yarinyar nan ita ke wanke ni. In sata take so, ga 'yan kunnena nan kullum a hannunta. Na gaya musu, sun ce tsufa ne."

"Ba su da laifi, Inna. Tunani aiki ne, su kuwa ba su saba ba."

A baranda ya tare nas, ya tambaye ta abin da ke kashe allurar. Ta ce 'yan awoyi a wuri mai sanyi ba sa yi mata komai, doguwar tafiya cikin zafi ce ke kashe ta, kuma ruwan ba ya canza kala, ido ba zai gane ba. Shi ya sa ake manna ɗan farin tambari a jikin kwalin, in zafi ya daɗe a kansa sai ya yi baƙi. Shi take fara dubawa kafin ta taɓa mara lafiya.

"In aka yi wa mutum matacciya fa?"

"Ba abin da zai ji. Sai a zauna jiran wata guda ana cewa an yi magani. Kafin a gane, idon ya tafi."

Ya zaro jiƙaƙƙen kwalin daga aljihu ya nuna mata a ɓoye. Tambarin baƙi ƙirin. Ta buɗe baki, ya ɗaga mata yatsa, sannan ya yi mata magana ƙasa-ƙasa.

*

Babban Yaya ya fi son ba da labarin taryar Kyaftin da suka yi fiye da maganar sata. Mota uku suka yi zuwa filin jirgi jiya, har da maƙwabta, kowa ya ci ado, don a ga ɗan gidan ya sauko daga sama.

"Kun ga fitowarsa daga ciki?"

"Ina fa. Kafin mu isa har ya fito, yana tsaye a bakin ƙofa da kularsa. Ai jirginsu da wuri ya sauka, da rabin awa. Matuƙin abokinsa ne, ya ji maganin Inna ne a ciki sai ya taka wuta."

"Allah sarki," in ji Mai-Sawu. "Abokin kirki."

Shekaru ya yi yana jin jirgin nan na rana yana sauka bisa kansa. Yakan makara, wani lokaci ya makara ƙwarai. Iska in ta taimaka takan rage masa 'yan mintuna. Amma tafiyar da duka-duka awa ɗaya ce da ɗan ɗoriya a ce an yanke mata rabin awa, wannan sai a gidan da aka fi damuwa da ɗaukar hoto. Mai-Sawu ya nemi ganin Kyaftin.

Kyaftin yana kishingiɗe a falo, ya lulluɓe ƙafafunsa da bargo duk da zafin da ake yi, wai gajiyar sama ce. Agogonsa ya kusa faɗin murfin kofi.

"Malam, kai da ka yi aiki a bakin shinge ai ka san abin daga nesa," ya ce. "Tsakanin filin can da namu kilomita ɗari takwas ne a miƙe. Minti saba'in cif. Ka ɗaura bel, a ba ka lemo, kafin ka shanye an ce a shirya sauka. Ni yanzu ko taga ba na kallo."

"A mota fa?"

"Mota?" Ya yatsina fuska. "Wannan ai na talakawa ne. Ka tashi da yamma, ka kwana zaune, sai rana ta take ka iso, gwiwarka a haɓarka, kaji a ƙarƙashin kujera. Ga wata gada da ta karye, sai an zagaya ta daji."

"Ka san hanyar sosai."

"Labari nake ji."

Mai-Sawu ya yi sallama. A bakin ƙofar falon takalma ne jere, ya tsaya yana neman nasa a hankali, alhali yana ganinsa. Can gefe ga wani baƙin sau-ciki mai tsada, sabo fil, an take bayansa ya kwanta, da ɗan yashi a tsagin ƙasansa.

Ya riga ya san wanda ya yi. Abu ɗaya ne ya rage masa, kuma shi ya fi damunsa: don uwar aka binne allurar, kada a yi mata matacciya, ko don kada nas ta ga tambarin?

*

Bayan azahar ya ce a taru a falo. Aka kawo Inna aka zaunar a kujera, Matar Auta a tsaye bayanta. Babban Yaya ya hakimce, mai gadi ya raɓe a ƙofa, maƙwabta suka cika tagogi. Kyaftin yana nan da bargonsa.

Mai-Sawu ya ajiye 'yar kwalbar a kan tebur.

"Ga allurarku. Cikin yashin bayan tanki aka binne ta. Kwalin ya jiƙe ya dagargaje, na yar."

Falon ya ɗauki hamdala. Babban Yaya ya miƙe yana nuna Matar Auta. "To sai ta faɗa mana..."

"Zauna. Ɓarawo ba gudu zai yi ba, ido ne ke gudu. A fara yi wa tsohuwa allurarta."

Nas ta ɗauki kwalbar ta ɗaga ta a haske. "Ba kwali, ba tambarin da zan duba," ta ce. "Amma yashin da sanyi, bai isa ya lalata ta ba. Abin da nake so in tabbatar shi ne hanya. In a ƙanƙara ta zo, tafiyar jirgi, lafiya lau take. In kuwa ta daɗe a zafi, gara a faɗa yanzu a sake sayo wata, akwai sauran lokaci. In na yi mata matacciya, sai bayan wata za a gane, lokacin ba ido." Ta juya wajen Kyaftin. "Ranka ya daɗe, kai ka kawo. Nawa ta yi a hanya?"

"Minti saba'in," in ji Kyaftin.

"Ka tabbata?"

"Ni za ki tambaya? Bai ma cika ba."

Nas ta fasa sirinji, ta zuƙe ruwan, ta ɗan matsa har ɗigo ya fito a bakin allurar. Matar Auta ta naɗe hannun rigar Inna. Hannun siriri ne, fatar ta saki. Nas ta goga auduga, ta kama naman da yatsu biyu. Ba ta yi sauri ba, don an ce mata kada ta yi. Mai-Sawu bai kalli allurar ba, mutum ɗaya yake kallo, kuma har ga Allah yana so mutumin ya ba shi kunya ya yi magana.

Kyaftin ya sunkuyar da kai yana murɗa agogonsa.

"Ya isa," in ji Mai-Sawu. Nas ta janye hannu ta mayar da murfin.

Ya je bakin ƙofa ya ɗauko baƙin takalmin da yatsu biyu, ya jefa a gaban kujerar Kyaftin, ya fizge bargon. Ƙafafun sun kumbura sun yi sumtum, idon sawu ya ɓace, yatsun sun cure wuri ɗaya.

"Sa takalminka. Har dunduniya."

"Wane irin raini ne wannan? Yaya, kana gani?"

"Sa mana," in ji Babban Yaya, muryarsa ta sauka.

Ya gwada. Ya tura, ya danna, gumi ya karyo masa. Ƙafar ta shiga rabi ta tsaya.

"Minti saba'in ba ya kumbura ƙafa," in ji Mai-Sawu. "Ba ya narkar da ƙanƙara har ta yi ɗumi. Wannan ƙafar kwanan zaune ce a motar haya, gwiwa a haɓa, kaji a ƙarƙashin kujera. Daga tasha ka ɗauki tasi zuwa filin jirgi, ka tsaya a bakin ƙofa kana jiran masu hoto, ka ma riga jirgin isowa. Da ka ga tambarin ya yi baƙi ka san nas za ta tambaya, sai ka ja ƙafafun nan zuwa bayan tanki, ka dawo ka yanka raga." Ya ciro kwalin ya ajiye kusa da kwalbar. "Ga shi, ban yar ba. Ni ba na yar da abu."

Maƙwabciyar nan ta taga ta ce ita dama tun jiya ta ji yana warin man mota. Ba wanda ya kula ta.

"Tikitin fa?" in ji Babban Yaya. "An saya maka tikiti."

Kyaftin ya buɗe baki, amma muryar da ta fito ba ta ƙofar gida ba ce. "Ba zan iya ba, Yaya. Sau ɗaya na taɓa zuwa har gindin matakala, ƙafata ta ƙi. Ban taɓa hawa ba. Na ce ƙanƙarar za ta kai."

"Tsoro ba laifi ba ne," in ji Mai-Sawu. "Na ga manyan mutane suna amai a bakin matakalar nan. Da ka ce tsoro kake ji, da an ba wani. Da ka faɗa jiya, da yanzu wata tana hanya. Kai dai ka auna idon uwarka da sunan Kyaftin, ka ga wanda ya fi nauyi."

Inna ce ta yi magana. Hannun rigarta har yanzu a naɗe yake.

"Malam, ni ba na gani sosai. Lokacin da yarinyar nan ta kama hannuna za ta soka, ya yi motsi? Ko ya buɗe baki wani ya riga shi?"

Babban Yaya ya kalli silin. Nas ta shiga gyara jakarta. Mai-Sawu, wanda bai taɓa jin nauyin faɗa wa kowa komai ba, yau ya ji nauyin amsar.

"Agogonsa yake gyarawa, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta sauke hannun rigar da kanta. Ba ta juya wajen ɗan nata ba.

"Akwai jirgin yamma?"

"Akwai," in ji Mai-Sawu. "Ya kai mutum yau, na gobe da rana ya dawo da shi da allurar."

"To a kira 'yar'uwarku ta sake nema. A yanka wa yarinyar nan tikiti." Ta lalubo hannun Matar Auta ta riƙe. "Ita ma tsoro take ji. Amma za ta hau."

Babban Yaya ya buɗe baki zai ba matar ƙanin nasa haƙuri, ya rasa ta inda ake farawa, sai ya ɓige da yi wa mai gadi tsawa ya buɗe get. Mai-Sawu ya sa takalminsa ya fita ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Da la'asar sakaliya jirgin ya taso ya bi ta saman layin, yadda yake yi kullum ba mai kula shi. Ranar kowa ya fito ya ɗaga kai, har Inna, da aka kawo ta tsakar gida tana bin ƙarar da kunne. Mutum ɗaya ne bai fito ba. Yana ɗaki ya rufe ƙofa, ƙafafunsa cikin robar ruwan ɗumi.